Babu Sandar Tsakiya

Ranar Alhamis ta ƙarshe a watan Sha'aban ce, shekarar da na cika sha huɗu, bayan an idar da sallar la'asar. Mu goma sha ɗaya muka jeru a jikin bangon garejin da ke bayan masallacin unguwarmu a Mahjar, bangon ya sha rana har yana ƙona mana baya ta cikin riga. Kowa ya kafa sandarsa a ƙasa kusa da ƙafarsa ta dama. Mu'allim Bakur, mai koya mana wasan mizmar, yana bin mu ɗaya bayan ɗaya yana duba inda kan sanda ya tsaya a jikin mai ita, domin doka ita ce kada ya gaza kunne. Da ya iso kaina ya tarar da tawa a kunne cif, amma bai wuce ba. Ya dube ni sama, ya dube ni ƙasa, sannan ya sa bakin sandarsa ya ɗage mini jallabiya. Kowa ya ga abin da na yi wata bakwai ina ɓoyewa: gwiwoyina a lanƙwashe suke, suna kakkarwa. Ya ce, "Miƙe, ya walad," wato kai yaro. Na miƙe, sandar ta tsaya mini a ƙasan haɓa. Yara suka fashe da dariya, shi kuwa ya miƙo hannu ya ce in ba shi ita. Yau shekara ashirin da bakwai ke nan, kuma duk lokacin da na tuna hannun nan sai raina ya ɓaci sabo fil.

Ga wanda bai taso a Jidda ba, mizmar wasan sanda ne na mutanen Hijaz. Maza suna yin sahu biyu suna tafi suna amsa waƙa, ganguna suna tashi, sai mutum biyu su shiga tsakiya suna kewaya juna suna juya doguwar sanda a saman kai da bayan wuya, ƙafa tana bin kiɗa. Kakanninmu da suka zo aikin Hajji a ƙafa suka zauna suna da hannu dumu-dumu a cikinsa, shi ya sa a unguwarmu ba a ɗauke shi wasan banza ba. Mu'allim Bakur ɗinkin kujerun mota ne sana'arsa, a garejin nan yake yini da allura da soso, amma in ya ɗaura rawaninsa mai ruwan ɗorawa ya shiga fili sai ka rantse ba shi ne gajeren nan mai tumbi ba. Ya iya, ba zan ci amanarsa a nan ba. Shi ne kuma ya tara yaran unguwa yana koya musu ba don kowa ya sa shi ba, ranar Litinin da Alhamis. Wannan ma na faɗa, don kada a ce fushi ya rufe mini ido.

Ina da shekara goma ya yanka mini sandata. Haka yake yi wa kowane yaro: ya tsayar da shi, ya ɗora taƙi guda a saman kansa, ya yanke a nan. Daga ranar ta zama taka, kai za ka yi renonta. Na roƙi kitsen rago wurin Abuya, mahaifina, wanda yake gasa tsire a wajen Bab Makka, na riƙa shafe ta da shi ina gasa ta sama-sama a kan garwashi. Ummi, mahaifiyata, ta kwaɓa mini lalle na lulluɓe ta da shi na naɗe da tsumma, ta kwana uku ta fito ja-ja-wur. A saman soronmu nake ajiye ta, kusa da kejin tattabarun maƙwabcinmu, inda rana ba ta kai mata. Da safe in an aike ni sayen ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis, da kwano a hannu ɗaya nake tafiya, ɗaya hannun yana juya iska. In motar ruwa ta shigo lungu muka yi layi da jarkoki, ni a layin nake gwada taku. Ko dakan ƙuli da yaji da nake yi wa Abuya bayan makaranta, da kiɗan mizmar taɓarya take sauka, har Ummi takan leƙo ta ce in turmin ya fashe ni da ubana za mu yi bayani. Abokaina suna buga ƙwallo ba takalmi a filin da ake zubar da tsofaffin tayoyi, suna harbin ƙwallayen gilashi a gindin bango, ni ma ina yi, amma rabin hankalina yana saman soro.

Dokar kunne kuwa ga yadda take. Muddin kan sandarka yana kai maka kunne, kai yaro ne, kana sahun yara. Ranar da ka fi ta, ka fita. Sahun manya kuma ba ya karɓar wanda bai tara gemu ba, domin a can in sanda ta gogi sanda ba da niyya ba ana iya kwana a asibiti. Tsakanin nan da can, shekara huɗu ko biyar, babu kowa, babu komai. Mu'allim yakan faɗa yana alfahari, kamar wata aya: "Sanda biyu ake yanka wa namiji, ta yarinta da ta gemu. Babu sandar tsakiya." Haka ya tarar, haka nasa malamin ya yi masa, kuma ba wanda ya taɓa tambayar inda yaran da aka kora suke zuwa. Ni na san inda suke zuwa. Bakin kantin kusurwa suke zuwa, su zauna a kan akwatunan lemo suna koyon busa taba. Muna ganinsu kullum, iyayenmu ma suna ganinsu, sai dai su ja tsaki su ce yaran zamani sun lalace.

Kowace ƙaramar Sallah, rana ta uku da yamma, unguwa takan taru a filin bayan masallaci, kuma yara biyu ne suke buɗe wasa kafin manya su shiga. Shekara huɗu ina jiran wannan. Bayan Sallar da na cika sha uku, Mu'allim ya dafa kaina a gaban kowa ya ce baɗi ni da Hamza ne za mu buɗe. Hamza abokina ne, sa'ana, ɗan mitsitsi kamar an manta da shi a wajen rabon tsawo. Na je gida da gudu na faɗa wa Abuya. Washegari ya dawo daga Bab Makka da yadin rawani a leda ya ce Ummi ta ajiye a ƙasan akwati.

Sai jikina ya ci amanata. A hutun zafi na shekarar nan na fara tashi kamar karan dawa a damina. Ina cin abincin mutum uku in tashi ina leƙen tukunya. Takalmin da aka saya mini a farkon hutu ya matse ni kafin a koma makaranta. Hannuwana suka yi nisa da ni, in miƙa in ɗauki kofin shayi sai in ture shi. Ƙuraje suka cika mini goshi. Muryata ta fashe, in na ɗauko amshi a sahu sai ta fara da ta namiji ta ƙare da ta ɗan akuya, yara su riƙa zungurin juna. Sandar da nake juyawa ido a rufe ta soma bugun ƙeyata, tana kuɓuce mini, tana dukan ƙasa inda da take wucewa salin-alin. Ban san abin da ya same ni ba. Na ɗauka iyawar ce ta gudu, ko wani ya yi mini baki. Mu'allim kuwa ya yanke hukuncinsa tun da wuri, ya ce yabo ne ya shiga kaina na daina mai da hankali, ya ƙara mini zagaye hamsin na tsalle bayan kowa ya tashi. "Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," in ji shi. Ya tanƙwara kuwa.

Wata rana a saman soro na kafa sandar na jingina kaina, na ji kanta a ƙasan kunnena. Na ɗan sassauta gwiwa, sai ga ta ta dawo wurinta, jallabiya kuma ta rufa asiri. Daga ranar na zama mutum biyu. A makaranta da wajen Abuya ina tafiya da tsawona, a duk inda idon Mu'allim zai iya kaiwa ina tafiya a rage. In zan wuce ƙofar gareji da kwanon ful, sai in sauke kaina in wuce kamar agwagwa. A masallaci na koma sahun ƙarshe, bayan ginshiƙi, don kada ya waiwayo ya gan ni tsaye kafaɗa da kafaɗa da manya. A fili kuwa, awa biyu cur, ina kewayawa ina tsalle a kan gwiwoyin da ba su taɓa miƙewa ba, kuma kowane wata sai na ƙara sauka. Abin da ya fi ƙona mini rai har gobe shi ne, ya yaba. Ya tsayar da kiɗa ya nuna ni ya ce, "Ku dubi Usman yadda ya kama ƙasa, haka 'yan da suke yi." Mutumin da ya shekara talatin yana kallon ƙafafun yara bai gane yaro yana ɓoye tsawonsa ba. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To, wannan babban, abin da yake gaban hancinsa ma bai gani ba.

Ummi ce kaɗai ta sani, domin ita take sakin kalmasar jallabiyata. Ta sake sau ɗaya, ta sake sau biyu, da yadi ya ƙare ta samo ƙyalle fari ta yi ƙari a ƙasa, ta ɗinke da hannu yadda ba a gani. Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Da wani ƙullutu ya fito mini a ƙasan kowace gwiwa, mai zafi kamar an kafa ƙusa, har sujada ta zame mini azaba, ita ce take ɗumama man zaitun ta murza mini bayan magariba tana cewa, "Sannu, ya waladi, saura kaɗan." Na daɗe ina jin haushinta ita ma, cewa ta taya ni ɓoyewa maimakon ta fita ta yi magana. Da na girma na gane mace a unguwarmu ba ta da ƙofar da za ta bi ta shiga zancen filin maza. Abin da take da shi allura ce da mai, su ta ba ni.

Haka na kai har ranar Alhamis ɗin nan, saura wata ɗaya da 'yan kwanaki a yi Sallah. Ina jin da na tsallake awon ranar, da na kai Sallah. Bayan ya karɓi sandar, Mu'allim ya ɗaga ta sama ya ce wa yara su dubi maƙaryaci, wanda ya yi wata da watanni yana yaudarar malaminsa. Na buɗe baki in ce ya bar ni in yi Sallar nan kawai, muryar ta fito a tsage, aka sake kwashewa da dariya. Wani ya ce dogo da hankali dace ne. Mu'allim ya ce, "Halas, ka fi ƙarfin nan. In ka yi gemu ka dawo. Yalla." A nan take, ina tsaye, ya miƙa sandata ga ƙanen Hamza, wanda tasa ta tsage a makon. Shekara huɗu na kitse da lalle, da gurbin yatsuna a jikinta. Ban yi kuka a wurin ba, sai da na kai bayan motar ruwa da aka ajiye a bakin lungu.

Na zaci Abuya zai je. Wallahi na zaci zai cire ƙyallen aikinsa ya taka har gareji ya ce ɗana bai yi sata ba, tsawo ya yi. Ya saurare ni yana jera nama a tsinke, bai ɗago ba. Da na gama ya ce, "Aib ne abin da ka yi, ka ba ni kunya. To ka girma, gobe ka zo ka kama wuƙa." Shi ke nan. Shi ma an taɓa karɓe tasa sandar a wannan bangon, daga baya na ji, kuma shi ma bai koma ba. Ya san zafin, ya bar ni na sha, don a ganinsa haka ake zama namiji. Yadin rawanin ya zauna a ƙasan akwati har Ummi ta yanka shi ta yi marfin matashin kai.

Ranar wasan ina bayan tukubar Abuya, domin ya kawo tsire filin. Ta cikin hayaƙi na ga Hamza ya shiga da wani yaro, na ga sandata a sahu a hannun ƙanensa yana jan ta a ƙasa kamar tsintsiya. Na yanka albasa har idona ya samu dalili. Bayan Sallah na samu akwatin lemona a bakin kantin kusurwa. Ƙwallo ta gagare ni saboda gwiwa, makaranta ta fita raina, na yi shekara uku ina neman wanda zai kalle ni in mare shi. Da gemu ya zo, Hamza, wanda bai fi sandarsa ba sai yana sha bakwai, ya ja ni sahun manya sau ɗaya. Na shiga tsakiya na ji ƙafafuna kamar na aro. Na fita kafin a sauya waƙa, ban ƙara ba.

Yanzu gyaran na'urar sanyaya ɗaki nake yi. Bara aka kira ni wata makarantar 'ya'yan baƙi a arewacin gari. Ina kan tsani a babban zaurensu sai ga wata Baturiya ta shigo da yara tana koya musu rawar ƙasarsu, Ayalan, wadda ake manne hannuwa a jiki ƙafafu kaɗai suna dukan katako. A cikinsu akwai wani zanƙalelen yaro mai ƙuraje, yana harɗewa yana makara, kunnuwansa sun yi ja. Na san shi kamar ni na haife shi. Na daina aiki ina jiran in ga yadda za a kore shi. Sai matar ta tsayar da kiɗa, ta kai shi bakin ƙofa, ta ɗora littafi a kansa ta ja layi da fensir a jikin katakon, inda layuka suke birjik da sunaye. Ta nuna masa tazarar da ke tsakanin na yau da na baya, suka yi dariya tare, ta mai da shi cikin layi ta ce ya yi takun ba tsalle. Da suka tashi na tambaye ta da guntun Turancina. Ta ce a shekarun nan ƙashi yana riga jijiya tsawo, sai jiki ya zame wa yaro baƙo na 'yan watanni, gwiwa da dunduniya su yi ciwo. A rage masa tsalle, a sauya masa takalmi, a faɗa masa zai wuce, amma kada a bar shi ya fita daga layi, don wanda ya fita a wannan lokacin da wuya ya dawo. Na koma kan tsani. Ashe abin da ya ci mini yarinta fensir ne maganinsa da magana biyu.

Kafin makon ya ƙare na tafi Mahjar da niyyar in amayar wa Mu'allim Bakur da duk abin da na haɗiye. Na tsara maganar tun daga Bani Malik inda nake zaune, na maimaita ta a kowace fitilar hanya. Na same shi a ƙofar garejin, wanda yanzu jikansa yake riƙe da shi, yana ƙoƙarin tashi zuwa masallaci. Ya tsufa ya rankwafa. Sandarsa ta wasa, wadda da take tsaya masa a kunne, yanzu ta wuce rawaninsa da taƙi guda, da hannu biyu yake rataye a jikinta. Na faɗi sunana da na Abuya. Ya ƙura mini ido, can fuskarsa ta washe ya ce, "Usman ɗan mai tsire. Kai ne yaron nan da ya watsar da wasa. Ka yi asara, ya waladi, ban taɓa koyar da mai hannu irin naka ba. Me ya hana ka dawowa?"

Bai tuna ba. Ranar da na kwana da ita na tashi da ita shekara ashirin da shida, a wurinsa Alhamis ce kamar kowace. Na dubi sandar da ta fi shi, na ji maganar ta zo mini har leɓe, cewa shi ma ai sandar ba awonsa ba ce yanzu, ya miƙo ta. Ban faɗa ba. Na kama hannunsa na raka shi masallaci, ya shiga sahun masu kujera, ni ma na jawo tawa kusa da shi, don gwiwata ta hagu ta daina yarda da sujada tun ina talatin da biyar. Kada kowa ya ce na yafe, ban kai can ba tukuna.

Filin bayan masallacin yanzu wurin ajiye motoci ne, mizmar kuma ya koma ɗakunan biki, ana ɗaukarsa a waya. Ina kewar ƙurar filin nan, da ƙanshin kitse a kan garwashi, da yadda ƙirji yake amsawa in ganga ta farko ta tashi. Ɗana Ammar yana sha uku, ya fara ture kofunan shayi, kuma ƙofar kicin ɗinmu ta cika da layukan fensir har uwarsa ta gaji da faɗa. Ranar Alhamis shi da abokansa huɗu suke hawa saman gidanmu, duk masu fasasshiyar murya, ina zaune a kujera ina buga musu bokiti. A kusurwa akwai damin sanduna, na yanka su tsawo daban-daban, duk wanda ya fi tasa ya ajiye ya ɗauki ta gaba. Makon jiya na ga Ammar ya jingina da tasa yana ɗan sassauta gwiwa, a wasa ne ko da gaske ban sani ba. Na daka masa tsawar da ta sa tattabarun maƙwabta suka tashi, na ce ya miƙe duka, har inda Allah ya kai shi. Ya miƙe yana mamakin abin da ya sa idona ya kawo ruwa.

Ni dai tsawo na yi, ban saci komai ba.